Ranar da Ban Gyara wa Baba Ba

Ƙafar Baba a bakin ƙofa ta fara kafewa. Yana tafiya lafiya lau a tsakar gida, da ya zo zaure sai ta manne da ƙasa, jikinsa ya yi gaba, ita ta ƙi bi. Mutanen ƙauyenmu, can wajen Fulatan, ba a raba su da bayani. Har dokin ƙofar suka haƙa, wai ko an binne wani abu. Baba yana zaune yana kallonsu, ya ce in sun gama su mayar masa da ƙasarsa.

Ni ce babbar 'yarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana Uwata. Ina koyarwa a firamare a Karaye, kuma a can na ga abin da idona. Ranar kasuwa ce, muna tsallaka titi, sai ya tsaya cak a tsakiya, ga babbar mota ta taho da buhunan gyaɗa. Direba yana danna hon, ƙafar tana ƙara kafewa. Na rungumo shi na finciko, muka zube tare a gefen hanya. Direban ya wuce yana zagi.

A Kano likita ya ce ciwon karkarwa ne, wanda ke farawa daga ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin da ya bayar sun rage rawar hannu, amma kafewar ta ƙi tafiya. Bayan wasu watanni ya gaya mana hanya biyu. Ɗaya tiyata ce, a sa waya a cikin ƙwaƙwalwa, a binne batir a ƙirji, kuma ya ce ba ta dace da shekarun Baba ba. Ɗayar ba yanka. Soso biyu ake jiƙawa a ɗaura a kai, a saki wutar lantarki 'yar kaɗan na ɗan lokaci, sannan a yi atisayen tafiya. Ya ce har yanzu gwaji ake yi, wani ta yi masa amfani, wani ba ta yi ba.

Kalmar wutar nan ce ta tsorata ni. Ni da ko soket ba na taɓawa da jiƙaƙƙen hannu, yau kan ubana za a jiƙa. Amma tsoron Baba daban ne. Manomi ne, sai dai ya haddace Alƙur'ani tun yana saurayi, kuma da tilawa yake noma, da ita yake hutawa. Ban taɓa jin wani ya gyara masa ko wasali ba.

Ya dubi likitan ya ce, "Likita, wutar nan ta inda karatu yake take bi?"

Likitan ya ce bai taɓa ganin ta goge wa kowa karatu ba.

"Ba ka gani ba, ko ba ta yi?"

"Ban gani ba, Baba. Iyakar abin da zan iya cewa ke nan."

Sai da muka fito ya kafa mini sharaɗi. Duk ranar da aka sa masa wutar, zai karanta izu ɗaya da ka, ni in riƙe Alƙur'ani ina bi. "In na ɓata ko harafi ne, ki gaya mini, Uwata. A ranar za a daina. Gara in ja gindi da karatuna." Na ce na yarda. Baki dai ba ya gajiya da alkawari.

Ya tare a gidana a Karaye, mukan bi motar safe zuwa Kano. A ɗaura masa soson, ni ina tsaye ina kallon fuskarsa ko za ta karkace. Shi kuwa cewa yake kamar tururuwa ce ke yawo a kansa, wai ƙahon wanzami ya fi wannan zafi. In an gama sai mu zauna a benci ƙarƙashin wata darbejiya a harabar asibitin, na riga na yi alwala, in buɗe, ya fara. Har ya kai ƙarshe yatsana yana bin layi.

Ƙafar ta ɗan saki. Ban sani ba ko wutar ce, ko atisayen, ko duka biyun. Na dai ga ya shige ƙofar ɗakina ba tare da ya tsaya ba, na juya baya na share hawaye don kada ya yi mini tsiya.

A zuwa na bakwai ne. Yana cikin karatu ya zo wata aya mai kama da wata a can wata sura, sai ya zarce cikin waccan. Ya yi aya uku a can, ya dawo hanya, ya ci gaba abinsa. Yatsana yana kan layin da ya tsallake. In na yi magana, magani ya ƙare, kuma motar gyaɗar nan ce kawai nake gani. In na yi shiru, na bar kuskure ya wuce a littafin Allah, na kuma ci amanar ubana. Gaba kura, baya sayaki.

Ya idar ya ce, "Yaya?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba."

Na ce masa zan karɓo kati, na koma wurin likitan. Ya saurare ni, ya ce zai yi wuya a ce wutar ce. Wataƙila gajiya ce. Wataƙila kuma ciwon ne da kansa, don a wasu mutane yakan taɓa tunani in ya daɗe. Na shiga da tsoro ɗaya na fito da wanda ya fi shi. Da wutar ce, ai sai a kashe ta.

Kwana uku ina kauce wa idon Baba. In ya ɗauko tilawa a tsakar gida, sai in sami aikin yi a kicin.

Ranar komawa muna zaune a bencin nan muna jiran layi, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Uwata, rannan na ɓata."

Na juyo na dube shi.

"Sai da muka wuce Gwarzo na gane. Na yi ta jira ki faɗa."

Na ce, "Tsoro na ji, Baba. Kar ka daina."

"Ni ma tsoron nake ji. Amma yau na gane da kaina. Ranar da ba zan gane ba fa? In ke ma kika rufe ni, wa zan tambaya?"

Aka kira shi. Na ɗauka zai ce mu tafi tasha. Ya miƙe, ya ɗan kafe a bakin ƙofar, ya ƙirga ɗaya, biyu kamar yadda aka koya masa, ya shiga.

Da muka fito ya ce izun rannan zai maimaita. Na buɗe. Ya taho tiryan-tiryan har ya iso wurin, ya sake zarcewa cikin waccan surar, kuma na ga a fuskarsa bai sani ba. Na ɗaga murya na karanta masa ayar daidai.

Ya tsaya. Ya daɗe yana kallon ƙasa, hannunsa yana rawa a kan gwiwa. Sannan ya ce, "Sake faɗa mini, a hankali."