Ranar da Aka Mai da Tseren Raƙuma Kan Ciyawa

Shekarun baya, can cikin shekarun tamanin, lokacin ina ɗalibi a Lyon kuma gashin kaina bai fara gudu ba, na yi wani aboki da har yau in na ga doki sai ya faɗo mini a rai. Ba a makaranta muka haɗu ba. A Paris ne, wani babban hutu da na je neman na sawa a aljihu a magaza, wato ɗakin ajiyar kaya, ta wani Alhaji ɗan garinmu, kusa da Porte de la Chapelle. Aikinmu ɗaure kaya da loda su a kamyo, babbar motar kaya: atamfa, takalma, tsofaffin firji da za a aika gida. Ni in ɗauki kwali ɗaya ina haki, shi ya ɗauki biyu yana yi mini tsiya. "Ɗan lakwal," haka yake kirana, wato ɗan makaranta, "biro ya tsotse maka ƙarhi."

Mutumin wajen Tawa ne. Mahaifinsa dawakin sukuwa yake kiwo, shi kuma tun ƙafarsa ba ta kai likkafa ba yake hawansu. Fari ya zo, dokin da bai mutu ba aka sayar aka sayi hatsi, shi kuma ya bi hanya har Allah ya jefo shi Stains, a gefen Paris, inda yake kwana a ɗaki ɗaya da wasu 'yan ƙasarmu. Tun da ya taka Faransa bai hau bayan dabba ba. Burinsa ɗaya ne, kuma ba ya ɓoye shi: a ɗauke shi aiki a barga, ko kashin doki ne ya yarda ya kwashe, in dai da safe za a bar shi ya fita da doki ƙilisa.

Ran Lahadi mukan je wani kafe, gidan shan shayi, inda ake buga tiyarse, wato ka canki dawaki ukun da za su zo gaba, ka biya, a ba ka tike. Ni ne mai bugawa. Ai lissafi nake karanta, don haka na ɗauka dawaki ma za su bi ƙa'ida. In sayi jaridar sukuwa in yi ta ja mata layi da jan biro kamar mai duba jarrabawa, da yamma kuma in yaga tikena in watsa a kwandon shara kamar kowa. Shi kuwa ko sisi bai taɓa zubawa ba. "Caca ce," in ji shi, "ni kallo na zo." Sai ya tsaya gaban tele da kofin shayi a hannu, gwiwoyinsa na matsewa suna saki, kai ka ce shi ne a kan sirdin.

A wurinsa na koyi cewa ba duk tsere ne ɗaya ba. Akwai wanda ake yi a kan ciyawa, akwai na kan rairayi, kuma dokin da ya yi fice a ɗaya yana iya zama jaki a ɗayan. In tseren rairayi ne, abokina ya dubi yadda doki ke watsa ƙasa da kofato, ya ce, "Wancan mai hwarin goshi." Wani lokaci ya dace, wani lokaci mu sha ƙasa tare. Amma in na ciyawa ne, ko ka roƙe shi da iyayensa ba zai buɗe baki ba.

"Ciyawa munahuka ce," yakan ce. "Sama kore shar, ƙasa ba ka san mi ta ɓoye ba. Rairayi kau, abin da ka gani shi ne."

Ni da taurin kai sai in buga na ciyawar da lissafina. Ban taɓa cin ko kuɗin jarida ba.

Da hutu ya ƙare na koma Lyon. Ba a jima ba ya biyo ni, domin wani ya gaya masa masu dawakin wajenmu sun fi na Paris sauƙin kai. Na shimfiɗa masa katifa a ɗakina a Rillieux-la-Pape, can hawan sama, inda lif ke aiki ran da ya ga dama. Ya sami wankin kwano a wani gidan abinci. Ran da ba ni da darasi mu shiga bas mu nufi filin sukuwa, ni ne tafinta, mu bi barga barga. Wannan ya ce ina takardar koyon aiki, wancan ya dube shi sama da ƙasa ya ce ya yi tsawo. Mai kirkin cikinsu ya ce za su kira mu, alhali bai tambayi lamba ba, mu ma ba mu da tarho.

Mutum ɗaya ne ya ɗan saurare mu, wani tsoho mai horar da dawaki. Ya bar abokina ya riƙe ragamar wata goɗiya mai fitina, ya ga yadda ta lafa a hannunsa. Ya ce, "Hannunka ya san doki. Zamanka ne ban gani ba, kuma ba ni da ikon ɗora ka a kan dokin mutane haka kawai." Ranar abokina bai ci abincin kirki ba don murna. Ni ban ga abin murna ba.

A lokacin mutane sun rage zuwa filin, kowa ya gwammace ya buga tiyarsensa a kafe ya koma gida. Sai masu filin suka shiga ƙirƙiro abubuwan jan jama'a. Yau tseren jakuna, gobe masu kai abinci su yi gudu da faranti a hannu, jibi a raba wa yara balan-balan. Wannan karon raƙuma suka aro daga wajen masu wasan dabbobi. Duk wanda ya shigo za a ba shi tike ya zaɓi raƙumi, in nasa ya ci ya shiga tombola, wato ƙuri'ar cin tele mai kala. Abin da ya rage musu shi ne mahaya, kuma so suke a ga baƙar fata da rawani.

Mai shirya abin wani saurayi ne mai ɗamarar wuya da saurin baki. Ya same mu a bakin bargar tsohon, ya tambayi ƙasarmu. Da ya ji Nijar sai ya tafa hannu, ya ce ai shi ke nan, raƙumi a jininmu yake. Na buɗe baki zan gaya masa ba kowa ne Buzu ba, abokina ya taka mini ƙafa.

"Tambaye shi, bisa mi za a yi?"

"Rairayi," in ji saurayin.

Tsohon yana gefe yana dariya. Ya ce yana da dawaki a filin ranar, in abokina ya zauna daram a kan wancan abin, ya zo masa ran Litinin. Abokina bai jira na gama fassara ba. Ya ce, "To," ya miƙa hannu.

A cikin bas na ce masa, "Tsakaninka da Allah, ka taɓa hawan raƙumi?"

"Na taɓa, zuwa kasuwa, bayan wani Buzu." Ya yi dariya. "Dabba dabba ce, ɗan lakwal. Kuma rairayi uwa ce, ko ya kada ni ba ta cuta ta."

Tun ran Asabar aka tsuge da ruwa, bai ɗauke ba sai hantsin Lahadi, ranar tseren. Duk da haka filin ya cika, iyaye da yara da laima. Aka gama tseren dawaki, aka fito da raƙuman, ramammu, gashinsu a jiƙe. Sauran mahayan ɗalibai ne irina da suka ɗauki abin wasa, an naɗa musu wani ƙyalle mai walƙiya kamar labule. Abokina ya ƙi nasu, ya naɗa rawaninsa da ya zo da shi daga gida. Na karɓi tikena da lambarsa, na tsaya a bakin shinge ina ta washe baki.

Filin hanya biyu gare shi. Ta rairayi tana can ciki, nesa da 'yan kallo, ta ciyawa kuwa a gabansu take. Sai na ji lasifika na cewa, domin yara su gani da kyau, a kuma sami hoto, an dawo da tseren kan ciyawa. Jama'a suka yi tafi. Ni kuwa ban yi ba, domin ko ni da ban san komai ba na san wannan. A gida kowane yaro ya san ba a kora raƙumi a ƙasa mai santsi. Ba shi da kofaton da zai kafa, tafin ƙafarsa shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai. Ga ciyawar ta sha ruwa, ga dawaki sun gama tattake ta.

Na kutsa har inda suke. Yana sama, akala a hannu.

"Sauko," na ce. "Ba wannan aka yi da kai ba."

Ya dubi ciyawar, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ɗaga kai ya hangi wajen barga, ya dawo da idonsa kaina.

"Na riga na ce to. Magana zarar bunu ce."

"Ai mai ɗamarar wuyan ne ya fara warware tasa!"

"Shi ya sani. Ni ubana bai taɓa sauka bisa dabba ba bayan an ɗaura sirdi. Je ka tsaya inda za ka gan ni."

Na zage shi, Allah ya yafe mini, na ce masa baƙauye mai kan dutse. Ya yi murmushi kawai.

Aka buga ƙararrawa. Wani raƙumin ya juya baya, wani ya durƙusa abinsa, mutane suka kece da dariya, abin da suka zo nema ke nan. Amma na abokina ya tashi. Ban san me ya faɗa masa ba, na dai ga ya sunkuya ya yi masa wata kuwwa irin ta mahayan gida, raƙumin nan ya miƙe wuya ya zabura. Gudu na gaske, ba na wasa ba. Rawanin na kaɗawa, shi kuma yana zaune kamar a jikin dabbar aka halicce shi. Dariyar jama'a ta koma ihu. Ni kaina na manta da tsoro, ina tsalle ina kururuwa da Hausa a tsakiyar Turawa. Ban taɓa ganin fuskarsa kamar yadda na gan ta da ya gifta ta gabana ba.

A kwanar hanyar abin ya faru, inda ciyawar ta koma taɓo. Ƙafafun gaba suka zame suka buɗe, raƙumin ya tafi ta gefe gaba ɗaya, abokina a ƙarƙashinsa. Kiɗa bai daina tashi a lasifika ba. Wasu na bayana har lokacin suna dariya, sun ɗauka cikin wasan ne.

Ƙugun abokina da cinyarsa suka karye, sai da aka sa masa ƙarfe. Da aka bar ni na shiga wurinsa a asibiti, da wani nauyi na shiga. Bayan an tafi da shi na koma barga neman tsohon, aka ce mini ai tun kafin raƙuma su fara gudu ya loda dawakinsa ya tafi. Bai ga komai ba. Tun daga bas nake jujjuya yadda zan faɗi wannan magana.

Shi ya riga ni. "Raƙumin hwa?"

Na ce ƙafarsa ta karye, an kewaye shi da tanti, ba a sake ganinsa ba. Ya rufe ido ya ce, "Allah sarki. Ba laihinshi ba ne."

Na yi gyaran murya, na fara kame-kame a kan tsohon. Ya ɗaga mini hannu.

"Na sani. Doki ba ya son warin raƙumi. Duk mai dokin da ya san abin da yake yi, kahin a hiddo su zai kwashe nashi. Ina bisa na hangi kamyonshi yana hita, lokacin da kake zagi na."

Na ce, "To don me? Don Allah don me?"

Ya ce, "Ɗan lakwal, ka san yaushe rabon da in ji dabba tana gudu ƙarƙashina?" Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido, bai share ba. "Ka ga yadda ya yi gudu, kahin nan?"

Na ce, "Na gani."

"To in za ka ba mutane labari, kada ka soma da hwaɗuwa."

Na fita baranda na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro.

Bai sake hawan komai ba. Alhaji, Allah ya saka masa, ya biyo jirgin ƙasa har Lyon ya tafi da shi Stains, ya ajiye masa kujera a ƙofar magaza yana lura da masu shige da fice. In na je Paris mukan leƙa kafen nan, shi da sandarsa. Yana nan yana cankar na rairayi, yana nan yana zagin ciyawa, kuma har lokacin bai zuba ko sisi ba. Sai dai yanzu a zaune yake kallo, gwiwoyin sun daina motsi, kuma ni wannan ne ba na iya duba. Daga baya ya koma gida, can Allah ya yi masa rasuwa. A bakin wani ɗan garinsu na ji.

Na bar tiyarse tun daga lokacin. Ba zan ce tsoron Allah ne kaɗai ba, kada in yi wa kaina kirari, tiken ne kawai na daina iya riƙewa. Na shekara da shekaru ina fushi, da saurayin nan mai ɗamarar wuya, da masu dariya, da shi kansa abokin nawa. Ina ganin ya sayar da ƙafarsa a banza. Yanzu da na tsufa, na kuma san yadda mutum ke zama a ƙasar wasu yana aikin da ba nasa ba har ya manta ko shi wane ne, fushin ya tafi, baƙin cikin ne ya ƙi tafiya. Ban ce ya yi daidai ba. Amma na daina ce masa mai kan dutse.

Alkawarin dai na riƙe. Duk wanda ya tambaye ni yadda abokina ya gurgunce, sai ya yi haƙuri ya fara jin yadda ya yi gudu.