Taswirar Mahaifin Alhaji Fuseini

Har na bar aikin safiyo ba zan manta da ranar da aka tura ni Sagnarigu raba rigimar fili ba. Lokacin ina mataimakin safiyo, shekarata ta biyu a ofis. Ga waɗanda ba su sani ba, aikinmu auna ƙasa ne da kafa turakun siminti a kan iyaka.

Alhaji Fuseini ya zo da tsohuwar taswirar da mahaifinsa ya bari, yana cewa maƙwabciyarsa Mma Azara ta shigo masa fili. Turke ɗaya kawai ya rage a tsaye. Na ɗora kamfas a kansa, na bi lambobin taswirar, sai layin ya ratsa tsakiyar ɗakin matar. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, a ɗakin nan na haifi yarana duka. Yanzu rushe shi za ku yi?"

Na sake awon. Abin da ya dame ni, kowane layi na auna sai in ga ya karkace gefe guda, kuma daidai wa daida. Na hau babur na koma ofis wurin babban safiyo, Massa Iddrisu.

Ya duba shekarar da aka zana taswirar, ya bugi tebur yana dariya. "Arewar kamfas ɗinka ba ita ce arewar kakanka ba!"

Ya ce a can cikin ƙasa akwai narkakken ƙarfe da ke ta kewayawa, shi ke mai da duniya tamkar ƙaton maganaɗisu. Da yake ƙarfen ba ya zama wuri ɗaya, inda allurar kamfas ke nunawa na matsawa kaɗan-kaɗan kowace shekara. Wani lokaci ma kewayawar kan rikice, maganaɗisun ya yi rauni, arewa da kudu su yi musanya. Ya ce hakan ya sha faruwa tun da daɗewa, kuma alamar tana nan a jikin duwatsu.

Muka ɗauko jadawalin gyara mai nuna yadda arewar kamfas ta matsa shekara-shekara, muka daidaita lissafin, muka koma tare, Massa ya maimaita wa Alhaji da Mma Azara wannan bayani. Sabon layin ya wuce ta bayan ɗakin. Na nuna wani wuri cikin ciyawa na ce a haƙa. Ba a yi nisa ba fartanya ta yi ƙara. Tsohon turke ne, da lambarsa a jiki! Na daka tsalle na yi kabbara. Mma Azara ta rangaɗa guɗa.

Alhaji ya tsuguna ya shafa lambar, ya ce, "Massa, to in arewa ta juya, alƙiblarmu fa?"

"Ka'aba ba ta matsawa, Alhaji, allura ce ke matsawa. Kuma juyin yakan ɗauki dubban shekaru."

Ya miƙe ya ce wa matar, "Mma, ki yafe mini."

Tun daga ranar ba na ɗora kamfas sai na tambayi shekarun takarda. Ku ma sabbin shiga ku riƙe wannan: idan awo ya ce wani ya yi ƙarya, ku fara tuhumar awon kafin mutumin.