Mani da Mangazar Gyaɗa

A Dogon Dutsi akwai wata tsohuwar mangaza ta ƙasa, wadda aka gina tun zamanin Turawa don ajiyar gyaɗa. Mahaifin Mani na cikin waɗanda suka ɗora tubalinta. Shi ma Mani magini ya tashi, gwanin yaɓe, sai dai tun da siminti ya shigo gari ba a cika nemansa ba.

Da mangazar ta tsufa, ma'aikatar magajin gari ta ce za a rushe ta. Delphine, shugabar mata masu matsar man gyaɗa, ta roƙa a ba su ita, don sun gaji da suya cikin rana. Aka ce to: in damina ta wuce tana tsaye, tasu ce. In bango ɗaya ya zube, katafila za ta zo.

Matan suka sayo siminti. Mani ya zo, ya dafa bangon, ya juyo wajen Delphine.

"Ɗiyata, ku mai da buhunan nan."

"Baba Mani, kunya kake so mu ji? Kowa siminti yake sawa."

"Haka ne. Maƙwabcinki ma ya sa."

Delphine ta sa aka mai da buhunan. Bara shafen maƙwabcin nata ya ɓamɓaro, ya taho da rabin bango, don ruwa ya shiga ta bayansa ya rasa hanyar fita.

Mani ya sa aka kawo ɓawon ɗorawa daga Dumega, ya jiƙa, ya kwaɓa ruwan da jar ƙasa. Mako uku matan na ɗebo ruwa, shi yana bisa tsani da gwiwa mai ciwo. Ya sake indararo duka.

Wani ɗan kabu-kabu ya tsaya yana dariya. "Tsoho, gidan gara kake yi?"

"Ka taɓa ganin gara ta jiƙe?" in ji Mani, bai ko waiwayo ba.

Cikin Agusta aka kwana uku ana ruwa. Kusurwar gabas ta zaizaye kamar faɗin tafi, iyakarta ke nan. Da kaka wakilin magajin gari ya zo, ya kewaya ginin yana caka sanda, sandar ta ƙi shiga. Ya miƙa wa Delphine makulli, matan suka rangaɗa guɗa.

Yanzu ƙamshin ƙuli-ƙuli ke nuna wa baƙo inda mangazar take. Mani kuwa, masu tsofaffin gidaje sun fara yin sallama a ƙofarsa, cikinsu har da wanda ya sayar wa matan siminti.