Majanyin da ya riƙe mijina a kan tsamiya

A lokacin ina matar aure mai 'ya'ya uku a Gashua, irin matan nan da ko kasuwa sai an yi da gaske suke zuwa. Maigidana maharbi ne, da baka da kwari yake aiki. Idan shinkafa ta fara nuna a fadama, manoma kan kira shi ya tsare musu gadu, aladen dajin nan da ke tone gona kamar an sa garma. Yakan ɗaure katako tsakanin rassan tsamiya, ya zauna yana jira. Wata shekara gyangyaɗi ya kwashe shi ya faɗo, ƙugunsa ya goce, ya yi jinya mai tsawo. Da ya warke ya ce zai koma, ni kuwa na shiga neman dabarar da za ta hana shi sake faɗowa.

Ina ninke kaya na ci karo da majanyin da na goyi yarana duka da shi, saƙi mai ƙarfi da uwata ta kawo mini daga Nguru. Na ninka shi, na ɗinke bakinsa, na zura igiyar guga sabuwa. Na ce masa ya zauna a cikinsa, ya ɗaure igiyar a jikin uwar bishiyar, katakon kuma ya zama wurin dafa ƙafa. Ya yi dariya, ya tambaye ni ko nono ma zan biyo shi da shi. Abokansa da suka ji labari suka riƙa tambayarsa yaushe za a yaye shi. Na ce masa ai shi ke nan, in bai ɗaura ba zan bi shi har gindin tsamiyar in ɗaura masa a gaban manoma. Ya san zan iya, sai ya ɗauka yana gunaguni.

Wata safiya 'yar Fulanin da ke kawo mana nono ta shigo ko sallama babu, ta ce ta hango mutum rataye a tsamiyar fadama, hularsa a ƙasa, ga jini. Abin da ya zo mini kawai shi ne igiyata ce ta shaƙe shi, ni na ɗinka ajalinsa da hannuna. Ban san sanda na hau bayan mashin ɗin maƙwabcinmu ba, ko takalmi babu, ina salati har muka isa.

Muka tarar da shi yana lilo a cikin majanyin, bakansa a hannu. Reshen da ke ɗauke da katakon ne ya karye daidai lokacin da ya saki kibiya, ashe gara ta cinye cikinsa. Jinin na gadun da ya harba ne, wanda ya yi ta zagaye gindin bishiyar yana huci kafin ya faɗi. Da a ce maigida ya faɗo, da a kan hauren gadun zai sauka. Yana ganina ya ce in daina tara masa jama'a, in nemo tsani, cinyarsa ta yi tsami. Na ce masa ya ɗan ƙara haƙuri, ai goyo ba ya sauke kansa.

Tun daga ranar na gane cewa tsoron dariyar mutane ya fi hawa bishiya haɗari. Maharba, ku duba reshe kafin ku amince masa, kuma kada ku dogara da katako kaɗai. Mata 'yan'uwana, in kun hango abin da zai tsare ran mazanku, ku nace ko za a ce kun cika baki. Abokan nan masu zancen yaye kuwa, ɗaya bayan ɗaya suka turo matansu da tsofaffin majanyai, wai in taimaka in ɗinka. Duk na ɗinka musu, amma sai da kowace ta faɗa mini sunan jaririn nata.