Injin da Nomau Ya Zaɓa

Nomau mutumin Dakwaro ne. Ya zo aikin hajji a 1984 bai koma ba, har Allah ya haɗa shi da kafili, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo a Saudiyya, wani Balarabe mai suna Othman, mai gidan shaƙatawa can bayan gari, arewa da Jidda. Ni Haladu direban gidan ne, shekara goma sha ɗaya muna tare. Wallahi in ka ji muryar Nomau sau uku a yini, to ranar ya yi surutu.

Aikinsa ciyawa. Fili ne makeke, kore shar, daga shi sai laujensa, masu gida sai ranar Alhamis suke leƙowa in sun ga dama. Ba mata, ba ɗa, ko rediyo ba ya da ita. Amma duk Juma'a sai ya cika buhu biyu da ciyawar da ya yanka, in sauke shi a unguwar Hindawiyya cikin Jidda, ƙofar Hajiya Rahamatu, wata tsohuwa 'yar garinsu da mijinta ya rasu, mai kiwon awaki a saman bene. Ta zuba masa tuwo da miyar kuka, su yi ta hirar gida har la'asar. A mako kaf, nan kaɗai yake dariya.

A 2006 Othman ya saya wa 'ya'yansa babur mai ƙafa huɗu. Da suka gaji da shi, sai ya ce a sayo injin yankan ciyawa a ɗaura masa a baya. "Ya Nomau, ka tsufa, halas, an gama da lauje. Kai ka san ciyawa, je ka zaɓo."

Na kai shi wani shago a hanyar Makka. Mai shagon ya nuna mana iri biyu. Na farko wuƙaƙensa a ƙasa suke, ya niƙe ciyawa ya watsar a wurin ta zama taki. Na biyu dogon hannu ne mai haƙora kamar zarto, yana kwantar da ita da tsawonta, na masu noman abincin dabbobi. Nomau ya tsuguna ya shafa haƙoran ya ce, "Wannan."

Na ce, "Haba Baba Nomau! Filin wasan yara ne fa, ba gonar harawa ba."

Ya ce, "Wancan ɓarna yake yi. Abin da akuya za ta ci a niƙe a zubar? Ba da hannuna ba."

Na yi, na yi, mai shago ma ya yi, ina! Taurin kai kamar na jaki. Muka ɗauko shi.

Injin ya bar filin kamar askin ɗan koyo, nan dogo, can gajere. Othman ya zo ya gani, bai yi faɗa ba. Da kansa ya mayar ya ɗauko mai niƙa. Abin haushin, yana aiki! Yankan kwana huɗu ya koma awa biyu. Nomau ya bi filin da tsintsiya ko zai tara wani abu, bai cika ko ƙwarya ba.

Juma'a ta zo na ce, "Yalla Baba, mu je."

Ya ce, "Da me?"

"Da ƙafarka mana!"

Ya girgiza kai. Wai namiji ba ya shiga gidan matar da ba muharramarsa ba hannu rabbana, ba wani dalili. Me unguwa za ta ce da ita? Juma'a bakwai yana sallah a masallacin gefen titi, ya dawo ya zauna gindin dabino. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa har raina.

A ta takwas na gaji. Na sayo dami biyu na ciyawa a kasuwar dabbobi, na tusa ƙeyarsa cikin mota. Muka tarar da ƙofar Hajiya Rahamatu a kulle. Maƙwabciyarta Zaituna ta leƙo ta ce ai ɗan Hajiya ya zo daga Madina ya tafi da ita, yau kwana goma. Ya daɗe yana roƙonta ta koma wurinsa tana ƙi. Duk Juma'ar nan tana tuƙa tuwo ta zauna jira, daga baya ta ce masa to.

Nomau ya ce, "Awakin fa?"

Zaituna ta ce, "Waɗanne awaki, Baba? Shekara uku da sayar da su, tun da gwiwa ta hana ta hawa bene. Ciyawarka ni take ba wa in miƙa wa wani mai tumaki. Ta ce kar wanda ya kuskura ya gaya maka, kar ka daina zuwa."

Ya daɗe a tsaye da dami a kafaɗa. Can ya sauke shi a hankali a bakin ƙofar, ya ce, "Haladu, mai da ni."