Wayar da Baba Ya Ja a Gidanmu na Gwammaja

Kwamfuta uku suka shigo gidanmu na Gwammaja cikin shekara guda, kuma babu wadda ke da intanet a cikinsu. Ta farko ta Yayana ce, babba mai akwati, ya girke ta a ɗakinsa na kusa da zaure. Yana sarar rinannen yadi daga marinar Ƙofar Mata yana aika wa wasu 'yan kasuwa a ƙetare, su kuwa ba sa cewa a ɗaure kaya sai sun ga hoto. Ta biyu tawa ce, laftof na hannu da na saya lokacin da na koma karatun digiri na biyu, ina koyarwa da safe ina karatu da yamma. Ta uku ta Auta ce, ƙanwarmu da ta shiga jami'a a shekarar.

Duk mu ukun a wani kafen intanet na Ƙofar Mazugal muke biyan buƙatarmu. Ɗaki ne matsattse, ga hayaƙin janareta, ga layi. Nakan zauna cikin samari da mayafina ina jiran takarda ɗaya ta buɗe, wani lokaci har a kira la'asar ba ta buɗe ba.

A lokacin an yi 'yan shekaru da soja suka koma bariki, wayar salula ta shiga hannun kowa, har mai ƙosan bakin layinmu. Mutum ɗaya ne na sani wanda zuwanta bai yi masa daɗi ba, shi ne Baba. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana aikin wayar tarho. Da wuya ka nuna lungu a cikin birni da bai hau falwayarsa ba. Ina ƙarama, kullum sai wani ya yi sallama a ƙofar gida: "Malam yana ciki? Layinmu ya mutu." Ya yi ritaya dab da zuwan salula, daga nan sallamar ta ragu, har ta ɗauke. Ya koma zaman zaure da rediyonsa, magana ma sai ta kama.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna cin abinci a rumfar tsakar gida, Yaya ya ce ya gaji da kafe, gara a jawo intanet gida. Nan take kowa ya fito da nasa. Auta ta ce ɗan modem ɗin nan mai kamar yatsa ya ishe mu, a sa masa layin waya a soka a jikin kwamfuta, shi ke nan. Yaya ya ce wasan yara ne wannan, dish za a kafa, babban farantin nan irin na bankuna, ya ɗauko daga tauraron ɗan'adam kai tsaye. Ni kuma na ce a makarantarmu eriya aka ɗaura a kan dogon ƙarfe, tana kallon hasumiyar wani kamfani, ofis shida suna amfana da ita.

Baba yana gefe a kan tabarmarsa yana saurare. Da muka lafa sai ya ce, "To duk a cikin ukun nan, ina wayar take bi?"

Muka yi dariya. Har da ni. Yaya ya ce, "Haba Baba, ai zamanin waya ya wuce. Yanzu komai a iska yake tafiya."

Baba ya wanke hannu, ya ɗauki hularsa ya fita zaure. Inna, mahaifiyarmu, ta bari sai da ya fita sannan ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Da wayar nan aka ciyar da ku," ta ce. Ta kwashe kwanuka ta shige kicin.

Da na Auta muka fara, don shi ne mai sauƙin gwadawa. Ta aro modem wajen ƙawarta. Gidanmu ginin ƙasa ne na kakanni, kaurin bangonsa ya kai kamu biyu, saboda haka a cikin ɗaki ko alamar sabis babu. Sai ka fito tsakar gida, ka zauna kusa da rijiya, nan ne fitilarsa ke komawa shuɗiya. Kwamfutar Yaya kuwa ba ta ɗaukuwa. Ranar da ya matsu, sai da muka fito da ita da teburinta filin tsakar gida, kaji suna zagaye shi. Hoton yadi ɗaya ya tura, yana dab da ƙarewa ya katse, ya sake, ya katse. Ga shi mutum ɗaya yake ɗauka a lokaci guda. Kafin mako ya cika ni da Auta mun daina gaisawa da safe saboda rigimar wa zai riga.

Mai dish ya zo wani hantsi, ya leƙa rufin soronmu na azara ya girgiza kai. Ya ce farantin nauyi ne da shi, sai an zuba masa dakalin siminti, kuma ya faɗa mana gaskiya cewa da hadari ya haɗu sabis zai ɗauke har sai gari ya washe. Ga tsada, ta ma'aikata ce ba ta gida ba. Yaya ya ji kunya ya janye maganarsa.

Saura tawa. Kamfanin suka turo injiniya, wani dattijon kirki mai furfura a gemu, ɗan kudu ne amma ya iya Hausa. Ya ce sai ya hau sama ya ga ko eriya za ta hango hasumiyarsu. Har ya jingina tsani, Baba ya fito daga zaure ya ce ya dakata. A unguwarmu ba a hawa soro haka kawai, don daga can ana ganin tsakar gidajen maƙwabta. Baba da kansa ya bi gida huɗu yana sallama yana cewa za a hau sama. Sai da ya dawo sannan ya ce bisimilla.

Injiniya ya hau ya daɗe yana dube-dube, ya sauko ya ce gefen Dutsen Dala ya tare hanya, sai an yi amfani da bututun ƙarfe mai tsawo sosai. Washegari ya kawo shi. Yana ɗaure igiyoyin ƙarfen da za su riƙe shi ta fuska uku, Baba yana ƙasa hannu a baya yana kallo. Can dai ya kasa haƙuri.

"Malam injiniya, wannan ɗaurin ba zai ga ƙarshen damina ba. Iskar gabas ce ke zuwa mana. Mayar da guda can kusa da indararo, ka ninka bakin sau biyu kafin ka murɗe."

Injiniya ya leƙo daga sama. "Baba, ka taɓa aikin nan ne?"

"A'a," in ji Baba. "Na dai taɓa makamancinsa."

Injiniya ya yi yadda aka ce. Da yamma intanet ta shigo ɗakin Yaya, ta wata 'yar na'ura mai ƙaho biyu da ake kira rauta, wadda aka ce za ta rarraba mana ta iska. Hoton da ya wahalar da shi mako guda ya tafi kafin ya gama shan ruwa. Na ruga ɗakina da murna na buɗe laftof. Babu komai. Ɗakin Auta da ke can ƙuryar gida kuwa ba a ma maganarsa. Bangon da ya hana modem shiga, shi ya hana rauta fita.

Injiniya ya zauna a bakin rijiya yana share gumi. Ya ce hanya biyu ce: ko a sa rauta a kowane ɗaki, ita ma sai an kai mata kebul, ko kuma a ja kebul ɗin kai tsaye zuwa kowace kwamfuta, wanda ya fi ƙarfi kuma ba ya yankewa. "Amma ni ban san ginin ƙasa ba," ya ce. "Na taɓa huda irinsa da injin huda, rabin bango ya zubo. Ba zan taɓa muku gida ba."

Ni aka tura wajen Baba, don ni yake ɗan sakar wa fuska. Na same shi a zaure bayan la'asar, na durƙusa na yi masa bayani. Ya rage muryar rediyo.

"Malama," ya ce, haka yake kirana tun da na fara koyarwa, "ba ku kuka ce a iska yake tafiya ba? Ku jira iskar mana."

Na koma na gaya wa Yaya. Ya tashi ya tafi zauren da kansa. Ban shiga ba, amma ina jiyo su ta bakin ƙofa. Yaya ya ce, "Baba, na yi maganar da ba ta dace ba, ka yafe mini." Baba ya ce ba komai, abin ya wuce. Sai na ji ya ce, "Kawo mini guntun kebul ɗin in gani."

Ya feɗe bakinsa da reza, ya kusanto da shi ga idonsa. Tasa wayar ta da, zare biyu ne a ciki. Wannan takwas ne, an murɗe su biyu-biyu, kowane da launinsa. Ya juya shi ya sake juyawa. Aka kira injiniya, a gabansa Baba ya ce, "Wannan ban san shi ba. Sai ka koya mini." Ban taɓa jin Baba ya faɗi haka ga kowa ba.

Injiniya ya zauna kusa da shi a tabarma ya nuna masa yadda ake jera zaren, da yadda ake cusa su a ɗan kan roba a matse da filaya. Baba ya ɗauko takarda ya rubuta jerin launukan da ajami. Matsalar ita ce idonsa ya yi rauni, ba ya rarrabe kore da shuɗi. Saboda haka ni na zama idonsa. Ina faɗa, "Fari mai ratsin ruwan lemo, sai ruwan lemo, sai fari mai ratsin kore," shi kuma yatsunsa suna jerawa. Na farko bai kama ba. Na biyu ma haka. Ya yanke ya jefar. Na ce ko mu huta. Ya ce, "Sake faɗa." A na uku fitilun na'urar gwajin injiniya suka kama, ɗaya bayan ɗaya har takwas.

Aikin bango kuwa nasa ne tun asali. Ya sa Inna ta jawo wata tsohuwar jakar fata daga ƙarƙashin gado, ya fito da wani dogon ƙarfe siriri da ya ce maƙerin unguwa ne ya ƙera masa. Yakan ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa yana saurare, ya guji inda azara ta zauna, ya jiƙa wurin da ruwa kaɗan, sannan ya riƙa murza ƙarfen a hankali. Rami ya fito ɗan daidai, ko ɓarɓashi bai cika tafin hannu ba. Ya zura bututun roba, ya bi da kebul, ya liƙe bakin da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Kwana uku ya yi, daga hantsi zuwa azahar. Yaya ne mai riƙe tsani, da babbar rigarsa a naɗe a kafaɗa, Baba yana masa faɗa a kan ya daina motsi.

Kwamfuta ukun suka kama. Ba wai an rabu da rigima ba ne. Intanet ɗin ɗaya ce ake rabawa uku, da Auta ta buɗe bidiyon lacca sai ka ji Yaya yana ƙwala mata kira daga ɗakinsa. Baba ya magance wannan da kansa: ya mayar da rautar kan kantar ɗakinsa, duk wanda aka kawo ƙararsa sau biyu sai ya zare masa kebul har sai an yi sulhu. Modem ɗin ma ba mu yar da shawararsa gaba ɗaya ba, Auta ta sayi nata don makaranta da ranakun da iska ta juya eriya.

Bayan wata biyu injiniya ya dawo, ba don gyara ba. Ya ce ya sami aiki a wani tsohon gida a cikin birni, ko Baba zai raka shi. Daga nan ya zama duk gidan ƙasa da aka kira shi, sai ya biyo ta Gwammaja. Baba ya riƙa fita da jakarsa sau biyu a mako, ya dawo da labarin gidan wane da kaurin bangonsa. Shekara huɗu ya yi a haka kafin gwiwa ta hana shi hawa tsani.

Shi kansa bai taɓa danna kwamfuta ba. Wata rana da yamma ina aiki ya tsaya a ƙofar ɗakina, na ce ya shigo ya faɗi abin da yake so ya gani. Ya ce babu. Har ya juya, sai ya dawo ya ambaci sunan wani ƙauye a ƙasar Barno, a bakin tafki, inda mahaifinsa ya taso kafin ya zo Kano neman karatu. Baba bai taɓa zuwa ba, labari kawai ya ji. Na nemo taswirar da ake ɗauka daga sama. Hoton ya riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan, shi kuma ya jawo kujera ya gyara tabarau. Rufin gidaje ne 'yan kaɗan, da wata hanya, da fili.

"Ina ruwan?" ya ce.

Na ja hoton gefe, na sake ja, na ƙara ja, sannan muka iske shi can nesa da garin.

"Mahaifina ya ce mini daga ƙofar gidansu suke shiga kwalekwale," in ji Baba. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce in mayar da shi kan gidajen, in kuma kira masa Inna ta zo ta gani.