Farin Yadin Mama Mai Gida

Shekarata ta farko a Enugu ke nan, ina sayar da yadi a wani ɗan shago a Asata. Mai gidan da nake haya tsohuwa ce Inyamura, Kirista. A Sabon Garin Kano aka haife ta, Hausarta har ta fi tawa gishiri. Mama muke ce mata.

Ana saura kwanaki Kirsimeti surukarta ta haifi bakwaini, aka tsare shi a kwalba a asibiti. Duk layinmu an san yaron yana tsakanin rai da mutuwa.

Wata safiya sai ga Mama a shagona, idanunta sun yi ja.

"Ɗana, yanko mini farin yadi, ɗan kaɗan, na naɗe jariri. Ba ɗinki za a yi ba. In kana da turaren wuta ka haɗa mini."

A garinmu, wanda ya zo neman farin yadi ba ɗinki, ga turare, ba a tambayarsa me ya faru. Na yanka na naɗe, na ƙi karɓar kuɗinta. Ta yi ta godiya, ni kuwa kaina a ƙasa.

Ni da rawar kai, tana fita na rufe shago na nufi masallaci. Na gaya wa liman jikan Mama ya koma. Bayan azahar muka ɗunguma, dattawan unguwa da manyan riguna, har da wani Alhaji mai harkar awaki a Kasuwar Artisan da ya bar cinikinsa ya hawo babur ɗin haya.

Muka tarar da Mama a tsakar gida tana gyara wata 'yar bukkar ciyawa. Surukar tana kan benci, ta dawo daga asibiti don ta yi wanka ta koma. Muka zazzauna. Liman ya gyara murya.

"Mama, ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ne."

Yarinyar ba ta jin Hausa sosai, amma ta ga fuskokinmu. Ta miƙe da kwano a hannu, ta sake shi, ta kurma ihu tana kiran ɗanta. A zatonta asibiti sun aiko da saƙon rasuwarsa ta hannunmu. Sai da Mama ta buga wa ɗanta, uban jaririn, waya, ya rantse yaro yana numfashi a gabansa, sannan yarinyar ta daina ihun.

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Alhaji ya dube ni ya ce, "Kai dai an yi ɗan banzan gaggawa." Suka sulale ɗaya bayan ɗaya suka bar ni. Abin da nake tsoro shi ne mutanen gidan su ɗauka mugun fata muka yi wa jinjirin, in kuma ya cika, bakina ne.

Mama ta kama hannun rigata ta ja ni gaban bukkar. A ciki akwai ɗan komin dabbobi na katako, da 'yar tsana kwance, an naɗe ta da yadina. Na cocinsu ne, ita ke shirya shi kowace shekara.

"Ga jaririn," in ji ta. "Yesu ne. A komi aka kwantar da shi, cikin tsumma. Masu hikimar da suka zo gaishe shi, cikin kyautarsu har da turaren da ake shafa wa gawa. Wa ke kai wa mai jego wannan? Mu a wurinmu domin ya mutu ya fanshe mu aka haife shi. Wannan yadin ma ba yar da shi za mu yi ba. Ran Ista shi za mu rataya a kan gicciye, alamar ya tashi ya bar likkafaninsa."

Ba haka muka yi imani da Annabi Isa ba. Ta sani, na sani, ba wanda ya ja zancen.

"Saboda haka likkafani ka ba ni, idonka bai yi ƙarya ba," ta ce. "Sai dai ba na jikana ba ne. Gobe ka riƙa tambaya."

Makonnin da suka biyo baya ko abinci ba ya mini daɗi. Kowace salla sai na roƙa wa yaron nan rai, rabi don shi, rabi don kaina, ba zan ɓoye ba.

Bayan sabuwar shekara aka sallamo shi. Mama ta shigo shagona da shi cikin tawul, ta ɗora mini a hannu.

"Ga wanda ka yi wa ta'aziyya. Ku gaisa."

Bai fi nauyin yadi biyar na shadda ba. Na ɗaga kai in yi wa uwarsa barka. Tana tsaye a tsallaken titi, hannuwanta a harɗe, idonta a kan hannuna. Ba ta tsallako ba har Mama ta karɓe shi.